Daɓen Filin Kawu

Ban ga wasannin kawuna na ƙuruciya da idona ba, saboda haka ba zan faɗi adadin kofunan da ya ci ba. Abin da na tabbatar shi ne ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallon tanis a Kaduna da Legas, har ciwon gwiwa ya dawo da shi Goronyo noman albasa. Mutanen garinmu ba su taɓa yarda cewa sana'a ce ba. Sandar bugun da ya rataye a zaure, matankaɗi suke kiranta.

Shekarar da na gama jami'a, aka turo wani ma'aikacin lafiya Kirista zuwa Wurno. Ashe tsohon abokin karawar Kawu ne. Ya aiko cewa zai zo su buga, in dai akwai fili. Babu fili. Kawu kuwa ya san in bai buga a gaban jama'a ba, da sunan mai matankaɗi zai mutu.

Kakata ce ta ɗauki nauyin abin. Ta tara matan unguwa da madaɓansu, suka yi wa fegin da ke bayan gidanmu daɓe, suna waƙa suna yayyafa ruwan makuba. Sai dai sun zuba tsakuwa, kamar yadda ake yi wa tsakar gida. Da ya bushe Kawu ya jefa ƙwallo, ta yi tsalle ta nufi garken awaki.

"Inna, wa ya ce a sa tsakuwa?"

"Mi kaka nuhi? Daɓe babu tsakuwa, ina ka taɓa ganinai?"

"Ƙwallon ga ba ta son ta."

"To ita ma amarya ta, da za a yi mata zaɓen ɗaki?"

Matan suka yi ta dariya, amma suka fasa shi. Aka tankaɗe jar ƙasa, suka sake daɓewa sumul. Masuntan madatsar ruwa suka ba da aron raga, aka ja layuka da farar ƙasa.

Ranar wasan, bayan la'asar, har daga Rimawa da Taloka an zo. Baƙon ya fi Kawu gudu, wannan ba zan ɓoye ba, kuma shi ya ci zagayen farko. Daga nan Kawu ya daina bin ƙwallo, ya koma aika ta can kusurwa, inda take sauka ta kwanta. Ya ci na biyu, ya ci na uku. Baƙon ya rungume shi ta saman ragar, yana haki.

Wani dattijo da ya fi kowa tsokanarsa ya matso, ya miƙa hannu biyu.

"Malam, ba ni abin ga in riƙa."

Kawu ya ce, "Wane abu, Baba?"

Dattijon ya karɓi sandar bugun, ya juya ta a hannu, wannan karon bai kira ta matankaɗi ba. Kakata ta rangaɗa guɗa.