Takardar da Inna Ta Soke a Azara

Ranar Litinin kwamfutar ta ƙi ni. Ina zaune a ajin aro da aka ba mu a Safana, na kunna ta kamar kullum, ina jiran ɗan akwatin da nake rubuta kalmar sirrina. Sai fuskar ta yi shuɗi fes, ta jero wani dogon Turanci. Ni malamin lissafi ne, Turancina na neman abinci ne kawai, amma na gane abin da take nufi. Ba ta yarda da ni ba, sai na kawo mata wasu lambobi arba'in da takwas.

A cikinta kuwa akwai ɗalibaina 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, su talatin da ɗaya, da hotunansu da makinsu na shekara uku. Makarantarmu ta asali tana wani ƙauye bayan Runka. 'Yan bindiga, waɗanda muke kira mutanen daji, sun ƙone ofishinmu da duk rajistocin da ke ciki, shi ya sa muka kwaso yaran muka dawo gari. Filashin da na kwafi bayanan a kai, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, yana cikin jakar da na yar ranar da muka gudo. Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa a Katsina, kuma ba a karɓar ɗalibi sai da makinsa na baya. Wanda bai shiga ba sai baɗi. Ni kuwa na san yaranmu. Wanda ya zauna shekara guda a gida a irin wannan lokaci, to ya tafi ci-rani ke nan, shi da makaranta sai labari.

Na kashe ta na kunna ya fi sau goma. Na cire batir, na hura ramin caji kamar mai hura wuta, na mayar. Na rubuta kalmar sirrina a wurin lambobin, ko gezau ba ta yi ba. Har addu'a na tofa mata, bayan na waiga na tabbatar babu malamin da ke kallona. Zufa ta jiƙa mini riga.

Washegari na kai ta Batsari wurin mai gyaran da ya canza mata wani ƙarfe a ciki makon da ya wuce, lokacin da ta daina ɗaukar caji. Ya shiga can cikin saitinta, ya gyara kwanan wata, ya taɓa nan ya taɓa can, shuɗin nan ya dawo. Sai ya sosa ƙeya.

"Malam, irin waɗannan kulle su ake yi gaba ɗaya. Ta ji an taɓa cikinta, ta ɗauka sace ta aka yi."

"To ka ciro abin ajiyar ka sa a wata."

"Ko na ciro, shirme za ka gani. An cakuɗa komai, lambobin nan ne kaɗai ke warware shi. In ba ka da su, sai dai in wanke maka ita ta dawo sabuwa fil."

Na fizge ta daga hannunsa kamar ya ce zai yanka ta. Ƙungiyar da ta raba mana kwamfutocin ta daɗe da tattara kayanta ta bar yankin. Shekarar ce kuma aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumominmu, don haka ko wanda zan kira in yi wa kuka babu.

Lambobin ba baƙi ba ne a wurina. Ranar da aka ba mu kwamfutocin a Katsina, matar da ta koya mana ta sa kowa ya kwafe nasa da hannu, ta ce kada a ajiye su jaka ɗaya da na'urar. Na yago takarda daga littafin rubutu, na rubuta Bisimilla da Larabci a sama kamar yadda nake yi a kan kowace takarda tun ina makarantar allo, na jera lambobin gida takwas, kowane gida shida. Ni dai a sanina na sa ta cikin fayil ɗin takardun shaidata.

Fayil ɗin yana ɗakin da muka kama wa mahaifiyata a Batsari, bayan sun taso daga ƙauyenmu na bayan Ruma. Na zazzage shi a tsakar ɗaki, na bi takardun ɗaya bayan ɗaya har sau uku. Inna tana gefe tana tsince wake, ta bar ni na gama haukata.

"Wai mi kake biɗa haka kamar wanda ya yar da ɗiya?"

"Wata takarda ce, Inna, mai lambobi."

"Mai sunan Allah ga bisa?"

Na ɗago kai.

"Ai ga aljihunka na ishe ta, bara, da za a wanke maka riga. Kai da karatunka ka bar sunan Allah ya shiga ruwan wanki? Na soke ta ga azara."

"Wace azara?"

"Ta ɗakina mana. Can gida."

Haka Inna take. Duk takardar da ta gani da rubutun Larabci, ko a hanya ce, sai ta ɗauka ta kaɗe ta, ta cusa ta tsakanin azara da bango don kada ƙafa ta taka. Da suka gudo da kayan jikinsu, wa zai tuna da rufin ɗaki? Na so in yi faɗa, amma da wa? Ita ta yi abin da ta iya, ni ne mai wayon da ya bar takarda a aljihu.

Kawuna, ƙanen Inna, shi kaɗai ne a danginmu ke satar jiki ya leƙa gonarsa. Na gaya masa ina so ya kai ni.

"Saboda takarda za ka kai kanka?"

Na ce saboda yara talatin da ɗaya. Ya ce to Laraba da hantsi, amma bisa sharaɗinsa. Ya sa na cire agogo da tabarau, ya ba ni wata tsohuwar rigarsa mai warin taki. Ya kama tafin hannuna ya juya, ya yi tsaki, ya ce wannan hannun ko makaho ya shafa ya san na ma'aikaci ne. Ya sa na cuɗa shi da ƙasa. Dariya ta so kama ni.

Inna ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce in tafi ba. Ta dai ce ɓangaren gabas, daidai saman gado.

Laraba ya goya ni a baburinsa, muna wuce Ruma hanya ta zama tamu mu kaɗai. Gonakin da ba a nome ba ciyawa ta kai ƙirji, waɗanda aka nome kuwa dawa ta fi mutum tsawo, kuma duk karan da ya motsa sai na waiga. Saura kamar tafiyar minti goma Kawu ya kashe babur, muka tura shi, muka kwantar da shi cikin dawa muka rufe da ganye. Sauran muka taka da ƙafa.

Ban taɓa sanin cewa kukan zakara da dakan turmi su ne gari ba sai ranar. Babu ko akuya. An ɓalle ƙofofi, an fasa rumbuna, kabewa ta yaɗu ta rufe hanyar masallaci. Na shiga gidan da aka haife ni a ciki ina sanɗa kamar ɓarawo.

An ɗauke gadon Inna, sai na jawo turmi na kifa na hau. Na cusa hannu bayan azara, takardu suka fara zubo mini a ka. Ajiyar shekara talatin ce. Ga yagaggun shafukan littafin Islamiyya, ga katin ɗaurin aure, ga guntun kalanda, har da ledar sabulu da kwalin dabino, don Inna ba ta bambance Larabcin addu'a da na talla. Ina cikin bubbuɗe su, Kawu ya faɗo ɗakin ya ja ni ƙasa.

Sai a lokacin na ji. Babura ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Muka kwanta rub da ciki a bayan bango. Suka tsaya a bakin rijiyar da ke ƙofar gidanmu. Ina jin ƙarar guga, ina jin ruwa na zuba a jarka, wani yana dariya, wani yana tari. Ƙarfe ya bugi bakin rijiya, na san ba fartanya ba ce. Na nemi addu'ar da na haddace tun ina yaro, ko ɗaya ba ta zo ba, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Tsoro na ji, irin wanda ke sa mutum ya ji fitsari, kuma ba zan yi ƙarya ba, a wannan lokacin na manta da ɗalibai, na manta da jarrabawa. Kaina kawai nake so. Wani tunani ma ya zo mini: in suka same ni da takarda mai jerin lambobi, ai cewa za su yi ɗan leƙen asiri ne. Atishawa ta taso mini saboda ƙurar rufi, na ciji hannun rigar Kawu har ta koma.

Ban san tsawon lokacin da suka yi ba. Kawu ya ce bai kai rabin sa'a ba, ni ban yarda ba har yau. Da ƙarar ta yi yamma ta ɓace, ya ce mini a kunne, "Tashi, ko ka samu ko ba ka samu ba." Na tattare duk abin da ya zubo na cusa cikin riga da hula. Ban san ko tawa tana ciki ba, kuma ban ƙara kallon azarar ba.

Sai da muka ga rufin kwanon Batsari sannan na yarda mun tsira. Na sauka daga babur na durƙushe a ƙasa.

A tabarmar Inna na juye kayan. Ita ta gane ta tun kafin ni, ta ce ga ta nan, mai layi-layi. Gara ta ci gefe ɗaya, ta tsaya saura kaɗan ta kai lambobin. Na kunna kwamfutar, na fara bugawa. A gida na biyar yatsana ya zame na danna biyu a haɗe, ta ƙi wucewa. Na goge, na sake a hankali. Bayan lamba ta ƙarshe fuskar ta yi baƙi. Na ce a raina shi ke nan, na lalata ta. Can sai ga ɗan akwatina na kullum yana jiran kalmar sirri. Na buɗe fayil, ga su nan duka, kowa da hotonsa da makinsa. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka a gaban mahaifiyata da ƙanenta.

Alhamis na shiga Katsina, aka yi wa talatin da ɗayan rajista, ba a bar ko ɗaya ba.

Watanni suka wuce, jarrabawa ta zo. Ni aka tsayar a ƙofar zauren da takardar hotuna, in dubi fuska in dubi hoto in ce shiga. Ashirin da bakwai suka shiga. Biyu iyayensu sun yi Kudu da su. Ɗaya yana hannun mutanen daji tun kafin azumi. Na huɗun, wanda ya fi kowa iya lissafi a ajin, an tare motarsu a hanyar Wagini, ni ma ina cikin waɗanda suka yi masa salla.

Mai sa ido daga Katsina ya ce ƙa'ida ce a kira wanda bai zo ba sau biyu kafin a rubuta ba ya nan. Na ce masa na san inda kowannensu yake. Ya ce ya ji, amma a kira. Na tsaya a gaban zauren na ɗaga murya na kira su, kowanne sau biyu. Da na zo kan na ƙarshe, yaran duk suka sunkuyar da kai, ni kuma na tsaya ina jira kamar zai amsa.