Kaset Huɗu a Cikin Gafaka

Muna samari, akwai abokina ɗan Maruta da Allah ya ba murya. In ana gayya shi ake kira, yana waƙa fartanya na hannunsa. A lokacin wani makaniken babur ya dawo daga Kano da gita, ya buɗe rumfa a Birnin Kudu. Su biyun suka haɗu. Ranar kasuwa bayan la'asar sai su shige ƙuryar rumfar, su kunna rikoda mai batir, ɗaya na kaɗawa ɗaya na rerawa. Ni aikina rubutu. Abokina bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba, don haka ni nake rubuta masa baitocin da ajami kada su ɓace. Kowace takarda na fara ta da bisimilla da salati, don haka aka koya mana, ko wasiƙar neman iri za ka rubuta.

Kaset huɗu suka cika. Ba a fitar da ko ɗaya ba, saboda a ƙasarmu a wancan zamani gita kayan otal ce a idon mutane, kuma abokina yana neman aure. Daga baya ya yi suna da 'yan kalangu, ya sha biki daga Gwaram har Kiyako. Da girma ya zo ya je Hajji, ya ajiye waƙa, ya koma gonarsa. Bara waccan, ana yankan gero, Allah ya karɓi abinsa.

Da matarsa Hajiya ta fita takaba sai ta aiko a kira ni. Na tarar da ita da babban ɗansu a zaure, an shimfiɗa darduma an ɗora wata tsohuwar gafaka a kai. Ta ce addu'o'in tsari ne marigayi ya ba ta tun tana amarya, ya ce ta adana kada kowa ya buɗe. Tun daga ranar take rataye da gafakar kusa da Alƙur'ani, ba ta taɓa ta sai da alwala, in yaro ya yi zazzaɓi ta ajiye masa a kusa da kai. Yanzu gara ta fara cin takardun, ɗan yana so a binne su gaba ɗaya yadda ake yi wa tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani. Ita kuma ta ce a fara karanta mata, ta ji abin da ta tsare.

Ina buɗewa na ga rubutun hannuna, da kaset ɗin nan huɗu a naɗe cikin takardun.  In na yi shiru za a binne su cikin mutunci, Hajiya ta ci gaba da zamanta da abin da ta sani, muryar kuma ta tafi ke nan. Amma an kira ni in karanta ne, kuma ban saba karanta abin da ba ya kan takarda ba. Na yi bisimilla na fara.

Waƙar farko ta geron garin Farin Dutse ce. Ta biyu a kan wata yarinya ce mai kai wa babanta kunu gona cikin ƙwarya mai ɗinki, wadda ba ta amsa gaisuwa sai ta wuce. Ban kai ƙarshe ba Hajiya ta rufe baki da mayafi.

"Malam, ashe shekara da shekaru alwala nake wa ƙwaryata?" Ta yi dariya har hawaye ya zubo, sannan ta ce Allah ya yafe wa mutumin nan.

Ɗan bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa ya bar waƙa da kansa, shi kuma yana tsoron duk wanda ya saurara a rubuta wa mamacin zunubi, shi ya sa ya fi son a binne. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne na ɗa nagari. Na ce masa ni ba mai fatawa ba ne, amma kafin a yanke akwai mai haƙƙi da ba a tambaya ba, wato mai gitar.

Ni da ɗan muka same shi a Gwaram, inda ya koma wurin 'yarsa. Yatsunsa sun kumbura, ko maɓallin riga sai an saka masa. Da ya ga kaset ɗin ya ce, "Alaramma, kai ma ka tsufa haka?" Aka aro rediyo mai kaset a wurin maƙwabci. Sautin ya fito da ƙugi, ana jin wani yana buga guduma a waje, sai ga muryar abokina, siririya, ta ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Tsohon ya runtse ido, yatsun nan suna motsi a kan gwiwarsa. Da aka gama ya ce bai taɓa jin kaɗinsa da kunnensa ba tun ranar da suka ɗauka, kuma ba ya neman komai sai dai kada ya mutu a ce bai taɓa yin wani abu ba ban da gyaran babur.

Sai aka kira la'asar. Bayan salla ɗan ya ce, "Baba, na yarda, amma da sharaɗi. Kafin kowace waƙa a faɗa cewa mai ita ya rasu, a roƙi mai sauraro ya yi masa addu'a. Kuma kai za ka faɗa da bakinka." Yana nufin mai gitar. Hajiya da muka koma ta ƙara nata sharaɗin: kaset uku su fita, mai waƙar ƙwaryar ya zauna a ɗaki.

Haka aka yi. Wani mai shagon tura waƙa a kasuwar Birnin Kudu ya juye su zuwa memori, ya ɗauki muryar tsohon a waya. Sai da aka maimaita sau biyar, don duk ya zo sunan abokinsa sai ya tsaya.

Watan jiya na shiga mota zuwa Kiyako ta'aziyya. Direba ya taɓa wayarsa, sai ga tsohon yana cewa wannan muryar ta wane ce, ya riga mu gidan gaskiya, don Allah a sa shi a addu'a. Mutum takwas ne a motar, babu wanda na sani. Duka suka ce Allah ya jiƙansa, har da matar da ke fama da buhun gyaɗa a cinya. Na ce amin, sannan gita ta shigo.