Baba Ya Sauka Jidda, Mu Muna Bakin Gulbi

Ranar wata Talata a ƙarshen daminar 2010 aka ce jirgin su Baba zai tashi daga Sakkwato da hantsi. Ina ɗakin Inna ina goye da ƙanwata Hindatu, ina ta cika baki wai da azahar Baba zai wuce ta saman gidanmu ya ɗago mana hannu. A makarantarmu, a wani ƙauye kudu da Anka, malam ya ce daga Sakkwato zuwa Jidda tafiyar wajen awa biyar ce. Dariya muka yi masa har da riƙe ciki, don kakanmu da ƙafa ya je, sai da ya yi furfura a hanya.

Zinariya ce ta biya wa Baba kujerar. A tsakar gidanmu ake dakan dutsen, a turmin da muke surfa gero, mu yara muna tankaɗe muna zane a cikin garin da yatsa. Ko da aka zo aka ce akwai gubar dalma a ciki, ai ta riga ta shiga jinin ƙananan. A ranar Talatar nan, hantsi na dubawa na ji Hindatu ta sandare a bayana, idanunta sun juye.

Kawu Sani ya ɗauko babur, Inna ta karɓi goyon, ni na maƙale a baya, muka nufi asibitin Anka. Laka ta kayar da mu, muka tashi muka tura. Da muka isa gulbi ya cika ya batse, mai kwalekwale kuwa yana wancan ƙetaren, ya ce sai ruwa ya lafa. Muka zauna muna kallon ruwa har rana ta yi ja. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Can wayar Kawu ta yi ƙara. Baba ne, muryarsa cike da murna: "Na sabka lahiya! Ina yara?" A wurinmu ba a gaya wa mahajjaci mugun labari, kada a ɓata masa ibada. Inna ta karɓi wayar, ta share fuska, ta ce, "Lahiya lau muke, Malam. Hindatu barci takai." A lokacin ta riga ta ja zane ta rufe mata kai.

Baba ya dawo da haƙorin Makka da jaka cike da tsaraba. Kafin kowa ya iya buɗe baki ya ciro wasu jajayen takalma 'yan ƙanana, yana waige-waige.

Yanzu ina da 'ya'ya, Baba ya tsufa, an daina daka a gida. Amma hanyar Anka ta fi da muni, don a da ruwa kaɗai ke tare ta, yau har da masu bindiga. Duk shekara maniyyata suna isa Jidda tsakanin hantsi da magariba. Asibiti ne har yau bai matso ba.