Wayar Halliru Ba Ta da Kunya

Halliru ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Giyawa anka haife mu, kuma a nan muke har yau. Shekara arba'in ke nan yana noman albasa a fadamar da ke ƙasan dam ɗin Goronyo. Bai yi boko ba, karatun allo ma bai yi nisa ba, amma in ya murza ƙasa a hannu zai gaya maka ko kwana nawa rabonta da ruwa. Magana ce dai ba ta dame shi ba. Abin da yake faɗa a yini guda bai cika ludayi ba.

Matarsa Laraba ta haifa masa 'ya'ya bakwai, shida mata, duk suna ɗakunansu. Na farin shi ne namiji, Zayyanu. To, a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya tambayar lafiyarsa, ba ya bari a ga ya damu da shi. Uwa ma haka, har ta fi. Mutanen yanzu sun sassauta, na ga mai goya ɗan fari a kafaɗa yana zagaya kasuwa da shi kamar ya sayo rago. Halliru bai sassauta ba. Ranar suna da asuba ya ɗauki fartanya ya tafi gonar da ba ta da ciyawa. Da anka yaye yaron, ni anka kawo wa, ni na raine shi. In dole ta kama Halliru ya ambace shi, sai ya ce "ɗan wajenki", ko "wancan".

Yaron yana shekara tara ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannu. Da la'asar sai ga Halliru a ƙofar gidana, bai shigo ba.

Ya ce, "Yaya, ina akuyarki?"

Na ce, "Akuya ta samu sauƙi. An ɗaure mata hannu, har ta sha fura."

Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya juya.

Akuyar tana tsaye gabansa da ƙafafu huɗu tana cin ƙaiƙayi.

Zayyanu ya girma ya zama direban babbar mota, yana kai albasa Kudu. Ya aje iyalinsa a Wurno. Shi ya sayo wa uban waya irin ta shafawa, amma bai ba shi hannu da hannu ba. Ni ya ba, ni na kai. Halliru ya karɓa ya ce Allah shi saka wa wanda ya aiko, kamar daga sama ta faɗo.

Da yake bai iya karatu ba, sai anka sa masa kowa da hotonsa. Lauwali dillalin albasa da fuskarsa, mai taki da hoton buhu, mai gyaran injin ban ruwa da hoton injin. Da anka zo kan lambar wanda ya sayo wayar, anka tambaye shi wane suna za a sa, sai ya ce a bar wannan. Anka bari. Ya dai riƙe cewa lambar tana ƙarewa da bakwai biyu, masu kama da lauje biyu a jingine.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, suna zaune gindin darbejiya da abokansa, sai lauje biyu su bayyana. Halliru ya ɗauka.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam."

"Lafiya?"

"Lafiya."

"To."

"To."

Shi ke nan hirar. Shekara huɗu ba ƙari ba ragi. In Lauwali ya ce, "Wa ke nan?" sai ya ce, "Wani ne." Kowa a gindin itacen ya san ko wane ne, kuma ba wanda ya taɓa nuna ya sani.

Bana, ana shirin dashen albasa, anka samu ƙari. Zayyanu ya ce, "Baba, bana ba zan samu tahowa dashe ba, aiki ya yi yawa." Halliru ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ba ta da bambanci da sauran, amma ku riƙe ta.

A cikin satin nan wayar ta fara wani naci. Kullum da safe sai ta fito da rubutu ta tsaya tana jira. Ya share, gobe ta dawo. Rana ta biyar yana bakin gona hannunsa duk laka, ya danna mata don ta rabu da shi. Sai ta yi baƙi ƙirin, wani siririn zare fari ya riƙa jan ciki a tsakiyarta kamar dodon koɗi. Halliru ya yi salati, ya aje ta a inuwa, ya rufa mata hula, ya koma aiki.

Da azahar ta farfaɗo, amma ba ita ba ce. Ashe kamfanin da ya ƙera ta ne ya aiko mata sabon hali daga can inda yake, ba tare da ya zo ya yi sallama ba. Wai sabuntawa. Ni dai a sanina, in ka sayi jaki, wanda ya sayar maka ba ya biyo ka gida ya koya masa sabon kuka.

Hotunan da ya saba dannawa duk sun sake wuri, sun zama garai-garai kamar an zuba musu ruwa. Agogon ya kumbura ya cika fuska. Ta tattara hotunan mutane da kanta, kowa da irin fuskarsa, sai ta haɗa Lauwali da wani tsohon raƙumi da Halliru ya ɗauka a kasuwa. Wannan kam ban ga kuskurenta ba. Da yamma kuma ta riƙa sanar da shi taku nawa ya yi a yini. Ya ce mini, "Yaya, wai dubu tara." Na ce, "Ita da ke kwance cikin aljihu, ta gaji ne?"

Duk wannan ya jure. Cikin kwana uku ya gane sabon wurin kowa.

Juma'a ta zo, anka sauko masallaci, anka zauna. Waya shiru. Halliru ya fito da ita ya duba, ya mayar. Ya sake fitowa da ita ya goge da bakin riga. Har anka kira la'asar lauje biyu ba su zo ba.

Juma'a ta biyu ma haka. Lauwali, wanda yake zaune kusa da shi, ya kira shi don gwaji, ta yi kuka lafiya lau. Ke nan ba wayar ba ce, in ji su.

Ana cikin haka labari ya shigo gari, wai 'yan bindiga sun tare hanya sun yi daji da direbobin albasa biyu. Wani ya ce na wajen Rabah ne, wani ya ce ba a sani ba. Ba wanda ya kalli Halliru, shi ma bai kalli kowa ba.

Ku gane halin da yake ciki. Bai sani ba ko ɗansa na hannun mutanen daji, ko yana kwance wani wuri, kuma ba shi da bakin tambaya. Ba zai tambayi Laraba ba, ita ma ba za ta tambaye shi ba. Suna cikin gida ɗaya, ita ta bar cin tuwo, shi ya bar barci, suna hirar tsadar taki. Bai taɓa kiran yaron da kansa ba, bai ma san yadda ake nemo lambar da ba ta da hoto ba. Ni ba ni riƙe waya. Na yi niyyar aikawa Wurno wurin matar yaron, Surayya, sai na ce in ita ma jira take, na kai mata tsoro a kan tsoro.

Ranar Asabar bayan Juma'a ta uku, sai ga shi a ƙofata. Idonsa ya faɗa.

"Yaya, ina akuyarki?"

Na ce, "Halliru, akuyar nan mun ci ta shekara ashirin da biyar da sunka wuce. Kai ka ci cinya."

Ya juya yana kallon zana.

Na ce, "Ni ma ban ji labarinta ba. Jira in ɗauko mayafi."

Munka hau babur zuwa Goronyo, wurin Sa'adu mai gyaran waya. Mutumin Shinaka ne, magidanci, ya taso da iyalinsa bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu, ya kafa tebur bakin kasuwa. Bai san mu ba. Na ce masa ya nemo mana lamba mai bakwai biyu a ƙarshe ya kira mana, mi ke nan mu ji.

Ya shafa, ya shafa, sai ya tsaya. Ya ce, "Baba, ai wanga ya kira ka sau tara."

Halliru ya ce, "Bai kira ba."

"Ya kira. Mai gadi ce ta tare shi."

Na ce, "Wace mai gadi kuma? Yaushe ka yi arzikin mai gadi ban sani ba?"

Sa'adu ya yi mana bayani. Cikin sabon halin da anka aiko wa wayar har da wata murya ta mace. Duk lambar da ba ta da suna a wayar, ita ke fara amsawa, ta tambaya da Turanci wane ne kuma mi yake so. Ba ta bari wayar ta yi kuka, sai ta aje amsar gefe, a rubuce, mai waya ya karanta in ya samu sarari. Wai don a huta da 'yan damfara.

Na ce, "Ta aje wa Halliru rubutu ya karanta. Madalla da basira."

Sa'adu ya ce tana aje muryar ma. Ya danna. Munka ji matar ta yi Turancinta, sannan ƙarar mota, sannan muryar da na raina da hannuna.

"Ni ne."

Matar ta sake wani Turanci. Sa'adu ya ce tana tambayar dalilin kira.

"Ba komai."

Takwas daga cikin taran haka suke. Ni ne, ba komai. Ni ne, ba komai. Sai na ƙarshe, na jiya Juma'a, bayan "ni ne" ya ƙara da cewa, "A gaya mishi zan taho dashen." Daga baya yaron ya faɗa mini cewa ya ɗauka fushin dashe ne ya sa uban ya samo wata 'yar boko ta riƙa tare shi. Sati uku yana tuƙi da wannan a ransa, shi ma bai gaya wa kowa ba. Gado ba ƙarya ba ne.

Halliru ya zauna kan benci ba wanda ya ba shi wuri. Ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, "Jiya?"

Sa'adu ya ce, "Jiya, ƙarfe biyu da rabi."

Ya ce, "To."

Sannan ya ce a kori matar. Sa'adu ya ce zai kore ta yanzu, amma ba shi da tabbacin ba za ta dawo ba in anka sake aiko wata sabuntawar. Abin da ya sani shi ne, wanda ke da suna a wayar ba ta tare shi. Ya ce, "Wane suna zan sa?"

Halliru ya kalli rumfar mai lemu.

Sa'adu ɗan ƙasa ne, nan take ya gane. Ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ke faɗa mini."

Na ce, "Wayata ce?"

Shekara talatin da huɗu ina kiran sunan nan a madadin mutum biyu. Na gaji.

Sa'adu ya ce, "To in rubuta Direba."

Halliru ya ce, "Direba ba suna ba ne. In ta gane ba sunansa ba ne ta sake tare shi fa?"

Sa'adu ya buɗe baki zai ce masa ba ta da wayon ganewa. Na taka masa ƙafa. Ya rufe.

Munka tsaya. Mai lemu ya sallami mutum biyu. Wani jaki ya wuce da buhunan albasa. Halliru ya sunkuya daidai kunnen Sa'adu, kamar mai cire ƙayar kifi daga maƙogwaro, ya ce, "Zayyanu."

Na ji. Na yi kamar ina gyara mayafi.

Sa'adu ya rubuta. Ya ce ko a kira shi yanzu? Halliru ya ce a'a, Juma'a na tafe. Ni na karɓi wayar na ce a kira mini. Na gaya wa yaron uwar tasa ta bar cin tuwo a kansa, kuma in ya sake ce wa na'ura "ba komai" zan ci mutuncinsa har Kudun.

Abin da Sa'adu bai faɗa mana ba, ko ya manta ko da gangan, shi ne akwai wani sabon halin kuma. Wayar tana faɗar sunan mai kira da baki.

Juma'a anka sauko masallaci, anka zauna gindin darbejiya, dattawa sun kai goma. Sai aljihun Halliru ya buɗe murya tar, da irin lafazin wadda ba ta taɓa shan ruwan Rima ba: "Za-ya-nu. Za-ya-nu."

Lauwali ya ce, "Halliru, wa ke nan?"

Ya ce, "Wani ne."

Ya ɗauka sunka yi lafiya-lafiyarsu.

Da yamma ya zo yana mini ƙorafi, wai wayar nan ba ta da kunya ko kaɗan, ba ta san babba ba, ta tozarta shi gaban mutane. Na ce abu mai sauƙi, ranar kasuwa mu koma wurin Sa'adu ya rufe mata baki.

Ya ce, "A bar ta. In anka cika taɓa ta lalacewa za ta yi."

Yau wata biyar ke nan. An yi dashe, yaron ya zo ya yi kwana huɗu, sun yi aiki kan kunyar gona ɗaya ba su kalli juna ba. An cire albasa. Wayar na nan da rashin kunyarta. Lauwali ne ya gaya mini cewa a da, kuka ɗaya Halliru ke bari ta yi ya ɗauka. Yanzu sai ya tsaya laluben aljihun da ba ta ciki, ta faɗa, ta faɗa, ta sake faɗa, sannan ya same ta.