Injin da Ya Bari

Mijinta wankin harabar gidaje yake yi da injin feshin ruwa. Wata rana wayar injin ta tsage, yana tsaye cikin ruwa babu takalmi, lantarki ya ja shi. Da aka zo mata da labarin ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da ninke kayan da ke hannunta.

Da masu gaisuwa suka watse, yayan mijin ya ce, "Ƙanwata, a sayar da injin nan ki huta da ganinsa."

"Bar shi, Yaya. Da shi zan ciyar da yaran."

Ta sa aka canza wayar, ta sayi takalmin roba da gilashin kare ido. Yanzu Mai Feshi ake kiranta. Kafin ta jona wuta sai ta bi wayar da yatsa har ƙarshe, ta rataye ta nesa da ruwa, ta matsar da masu wucewa.

Masu gida suna yaba aikinta. Ita kuwa takan kalli daɓen ya fito fes, ba ta jin komai, ta naɗe tiyo ta wuce gida na gaba.