In Kin Ɓace a Cikin Dawa

A ƙauyenmu da ke bayan Burumburum, ba a fara tatsuniya sai an wanke tukunyar tuwo. Iya Lami, kakata ta wajen uba, takan kwaso ragowar garwashin murhu zuwa tsakar gida, ta ɗora kara biyu ko uku, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce sarkin surutu a cikinmu. Rediyo mai jini take kirana, wai batirina ba ya mutuwa.

Shekarar da nake aji uku, dab da girbin dawa, aka ɗauki mahaifiyata a bayan a-kori-kura zuwa asibiti a Kano, haihuwa ta zo da gardama. Na saba jin ana addu'a da ƙarfi a majami'a, sai na ɗauka wanda ya fi ɗaga murya shi Allah yake fara ji. Kwana uku ina zagayawa bayan rumbu ina kwarara addu'a, har muryata ta dushe. Daga Kano kuwa babu labari. Ran nan da aka hura wuta na ƙi matsowa.

"Rifkatu, wa ya kashe mana rediyo?" in ji Iya.

"Iya, Allah ba ya ji na," na ce da ragowar muryata. "Na kira, na kira."

Ba ta tsawata mini ba. Ta jawo ni jikinta, ta fara tatsuniya ba tare da ta jira mun amsa mata ba.

Wai wata yarinya ce ta kai wa babanta fura gona. A hanyar dawowa ta bi fara tana son kamawa, har ta shige tsakiyar dawa. Dawar ta ninka ta tsawo, gabas da yamma duk sun zama ɗaya. Ta ruga nan, ta ruga can, tana ihu, ganye yana ƙara a kunnenta yana yanka mata hannuwa. Duk gudun da ta yi nisa take ƙarawa. Da rana ta yi sanyi ƙafa ta gaza, ta zube a ƙasa, kukan ma ya ƙare. Ganye ya daina motsi. A nan ne ta ji ana kiran sunanta, a hankali, kusa da ita. Uwarta ce, tun tsakar rana take bin ta tana kira.

"To, uwar ce ba ta ji, ko 'yar?" Iya ta tambaye mu. Ta dafa kaina. "Ubangiji ba kurma ba ne, 'yar nan. Kin faɗa masa, ya ji. Yanzu zauna ya same ki."

Muka zauna. Ba waƙa, ba addu'ar baki. Ina jin kara yana ci, akuya tana tuƙa, numfashin Iya a bayan wuyana. Ban ji wata murya ba, kada in yi ƙarya. Amma na san ba ni kaɗai ba ce.

Mahaifiyata ba ta dawo ba. Bayan kwana biyu Baba ya shigo da jaririya a hannu, shi kaɗai. Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan, don yarinyar cikinta ta samu uwarta, ni ban samu tawa ba.

Sai da na girma na gane Iya ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta binne 'ya'ya huɗu kafin ta haifi babana, ta san irin labarin da zai iya zuwa daga Kano. Wurin zama take nuna mini kafin ya iso.

Har yau bakina bai mutu ba, a zumuntar matan majami'a ma an san ni. Amma in abu ya fi ƙarfina, nakan ja ƙofa in zauna gaban Yesu ba tare da na ce uffan ba. Bai taɓa gaya mini dalili ba. Bai kuma taɓa barina a cikin dawar ni kaɗai ba.