Igiyar shanyar Umma

Har yau idan mai anbuba ya shigo layinmu yana ƙwanƙwasa tukunyar gas da sufana, sai gabana ya faɗi. Na san gas yake talla, na san ba ni yake kira ba, amma sai na ajiye abin da ke hannuna na je na duba murhu ko na kashe, na dawo, na sake komawa. Maƙwabciyata Bamisiriya tana yi mini dariya, tana cewa wata rana zan cinye makunnin murhun da taɓawa. Ban taɓa gaya mata ba cewa da wannan ƙarar ake buɗe wasan ƙwallo lokacin da nake yarinya, da ita kuma ake rufewa.

A unguwar Ainu Shams ta Alƙahira aka haife ni, a saman wani gida kusa da layin metro, inda kofunan shayi ke rawa a kan faranti duk sanda jirgi ya wuce. Baba ya zo karatun jami'a daga gida, ya daɗe yana yi, domin yana haɗawa da koyar da yara don mu samu na ci. A kulliyar Shari'a yake, wato tsangayar masu karatun shari'a. Ƙanin Umma, wanda nake kira Kawu, ya zo daga baya ya shiga kulliyar Lugga, wato ta masu karatun harshen Larabci, yana zaune da abokansa a unguwar Hay el-Sabi'. Ni karatuna bai wuce firamare ba, don haka kada ka tambaye ni abin da ya raba Shari'a da Lugga a littafi. Abin da na sani shi ne a filin ƙwallo ba sa raga wa juna.

Sau ɗaya a shekara ake wasan, bayan an gama jarrabawa, lokacin da zafin Alƙahira ke sa kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi. Ɗalibanmu ne zalla, na Najeriya da na Nijar, kowa ya bi kulliyarsa. Akwai wani fili a bayan gidajenmu da ba a gina ba tukuna, sai a tsince tsakuwa da fasassun bulo da safe. Babu raga. Gora biyu ake kafawa a kowane gefe, a ɗaure igiya a sama daga wannan zuwa waccan, kuma ba a sauya gefe har a tashi. Ta 'yan Shari'a igiyar shanyar Umma ce. Ranar wasa Baba zai kwance ta daga baranda, Umma tana mita cewa kayanta ba su bushe ba, ni kuma ina biye da shi ina tambaya idan ta tsinke yaya za mu yi.

Akwai wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da turare, wanda ya riga kowa zuwa Masar, mu yara muna kiransa Kaka. Shi ke zama a kujerar roba da anbubar da ta ƙare a gabansa, sufana a hannu. Idan ya buga an fara. Idan inuwar dogon gidan da ke yamma ta taɓa gora, ya sake bugawa, an tashi. Iyakar aikinsa ke nan. An sha roƙonsa ya zama alƙalin wasa ya ƙi, ya ce ya tsufa bai yanke wa kowa hukunci ba, ba zai fara a kan ƙwallo ba. Ɗaliban ma babu mai son a kira shi alƙali, don sun karanta nauyin abin. Shi ya sa aka yi wata al'ada. Idan ƙwallo ta wuce dab da igiya aka yi gardama ko ta ƙasa ta bi ko ta sama, ba a tambayar 'yan kallo, domin kowa da idon kulliyarsa yake gani. Mai tsaron gida ake tambaya. Abin da ya faɗa ya zauna. Suna cewa mai neman ilimin addini ba zai sayar da lahirarsa saboda ƙwallo ba.

Baba ne mai tsaron gidan 'yan Shari'a. Kawu kuma shi ke ci wa 'yan Lugga.

Akwai shekarar da nake tunawa da dariya. Baba da tabaraunsa ɗaure da roba ta bayan kai, ya hana komai wucewa, har akwai wadda ya tare da ciki ya zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai. 'Yan Lugga suka sha kashi, amma Kawu ne ya ɗauke ni a kafaɗa, ya saya mini ruwan rake mai sanyi a hanya. A gida suka yi ta tsiya, irin wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Baba yana ce masa ɗan nahawu, ƙwallo ba ta jin Larabci. Kawu yana cewa Yaya da tumbi ya tare gida, ba da ilimi ba. Kowace Juma'a a gidanmu Kawu ke cin tuwo da miyar kukar da ake aiko wa Umma daga gida, yana da kwanonsa mai koren baki da ba a zuba wa kowa a ciki.

Shekarar da ta biyo baya ce ta ɓata komai. Ana gab da tashi, babu wanda ya ci wani, Kawu ya sako wata mai ƙarfi. Igiya ta girgiza, ƙwallo ta wuce ta daki katanga. 'Yan Lugga suka fara tsalle. Aka juya ga Baba, ya ce ta sama ta bi. Kawu yana haki, a gaban kowa, ya ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah.”

A wannan fili, a wannan lokaci, kowa ya san abin da ya faɗa: ya ce Baba ya yi shaidar zur. Baba ya nufi gora. Ya kwance igiyar, ya naɗe, ya kama hannuna. Muka koma gida.

Su biyun sun san hukuncin gaba tsakanin Musulmi. Sun kuma san cewa sallama tana fitar da mutum daga laifin. To, sai suka tsaya a kan sallamar. Idan suka haɗu a wurin suna ko jana'iza, Kawu zai yi sallama, Baba ya amsa cikakkiya ba tare da ya rage harafi ba, kowa ya kama gabansa. Babu malamin da zai ce sun yi gaba, amma Kawu bai sake hawa benenmu ba. Sanyi ya zo, muka fito da barguna, masu gasa dankali suka cika bakin tasha, azumi ya zo ya wuce. Kowace Juma'a Umma tana zuba tuwo a kwano mai koren baki ta rufe, da yamma ta ba ni in kai wa mai gadin gida.

Ni kuwa abin ya zame mini ciwo. Idan Baba gaskiya ya faɗa, Kawu ya yi masa ƙazafi. Idan Kawu ne da gaskiya, to Baba fa? Da wannan tunanin ya zo sai in yi istigfari, sannan in ji tsoron ko istigfarin bai karɓu ba tunda tunanin ya dawo. Ina yi musu addu'a, amma sai in rasa wanda zan fara ambata, don kada Allah ya ga na zaɓi gefe. Wata rana na tambayi Kaka wanne ne zai shiga wuta a cikinsu. Ya kalle ni, sannan ya zuba mini gyaɗa a hannu ya ce in ci.

Da zafi ya dawo sai muka ji Kawu ya gama karatu, an yanka masa tikiti, zai koma gida jim kaɗan bayan wasan. Umma ta daina cin abinci sosai. Na ji tana gaya wa wata ƙawarta cewa idan ya tafi a haka ba ta san ranar da za a gyara ba, kuma ba ta san abin da za ta ce wa mahaifiyarsu ba. Wani abokin Baba ya zo har gida ya ba shi shawara, ina jin su daga bayan labule. Ya ce idan irin wancan ya sake faruwa, ya ce kawai ta shiga, ai an yi sauƙi a kan maganar da za ta gyara tsakanin mutane. Baba ya ce wannan sauƙin a sulhu yake, ba a wurin shaida ba. Daga nan na fara roƙon Allah kada ƙwallo ta kusanci igiya ko kaɗan.

Ranar wasa Umma da kanta ta kwance igiyar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙa wa Baba ta ce, “Malam, ga ta. Ka dawo mini da ita, ka dawo mini da ƙanina.”

Na zauna a ƙasa kusa da kujerar Kaka, ina jin zafin yashi ta cikin zanena. Kafin a fara Kawu ya yi sallama, Baba ya amsa, shi ke nan. 'Yan Shari'a suka fara ci, 'yan Lugga suka rama, dukkansu a ƙasa, babu gardama. Ni ba ƙwallon nake kallo ba, inuwar dogon gidan nake kallo, ina ji kamar in tashi in ja ta da hannu. Tana matsowa a hankali. Saura kamar taki ɗaya ta taɓa gora, Kaka har ya gyara riƙon sufana, sai ƙwallo ta faɗo a ƙafar Kawu, babu kowa tsakaninsa da Baba.

Na rufe idona. Haka nake yi tun ina ƙarama idan abu ya fi ƙarfina. Na ji bugun, na ji ƙwallo ta daki katanga, daga nan ban ji komai ba. Da na buɗe ido, igiyar Umma tana rawa, Baba yana durƙushe yana lalube a ƙasa. Robar tabaraunsa ta tsinke.

Duk filin aka zuba masa ido. Ya samo tabarau, ya goge da bakin riga, ya saka. Abokinsa mai shawara yana ɗaga masa gira. Na san idan ya ce sama, Kawu ya tafi ke nan. Idan ya ce ta shiga, ban san ko zan ƙara iya kallon Baba yadda na saba ba.

Ya ce bai gani ba, tabaraunsa ya faɗi kafin ta iso.

Ba a taɓa jin haka ba. Aka fara gunaguni, wasu na cewa a sake bugawa, wasu na cewa khalas a bar ta. Sai Baba ya dubi Kawu, ya yi masa maganar farko da ba sallama ba tun bara. Ya ce, “Auta, kai ka buga, idonka yana kanta. Shaidar taka ce. Abin da ka faɗa na karɓa.”

'Yan Lugga suka rufe Kawu, yalla faɗi, ta shiga, kowa ya gani. Wasansa na ƙarshe ke nan a Masar, kuma kalma ɗaya ce tsakaninsa da nasara, babu mai ikon musa masa. Na ga gumi yana sauka daga haɓarsa. Ya kalli igiyar, ya kalli ƙasa. Jirgin metro ya zo ya wuce da duk tsawonsa. Sannan da murya ƙasa ƙasa ya ce ta taɓa igiya ta bi sama.

Wani daga cikin abokansa ya cire takalmi ya jefar. Kaka ya buga anbuba, duk da ban tabbata inuwar ta gama isa ba. Aka tashi canjaras.

Baba ya tafi kwance igiya daga gora ɗaya. Sai na ga Kawu ya nufi ɗayar. Kowa yana naɗe nasa bakin yana matsowa, har suka haɗu a tsakiya. Ina kusa, na ji Kawu ya ce, “Yaya, ashe haka take da nauyi.” Baba ya karɓi igiyar ya haɗa naɗin biyu ya ce, “Ma'alish, ba komai. Mu je, tuwo na hucewa.”

Umma tana baranda lokacin da muka shigo layi. Ta gan mu mu uku, ta juya ciki. Da muka hau, kwano mai koren baki yana kan tabarma a buɗe, idonta kuma ja.

Kawu ya tafi a lokacinsa, Baba ne ya ɗaukar masa jaka har filin jirgi. Yanzu Kawu ya yi furfura yana koyarwa a gida. Baba da Kaka sun riga mu gidan gaskiya. Filin nan an yi dogon gini a kansa, da kantin magani a ƙasa. Ɗaliban yanzu suna hayar fili mai ciyawar roba a Hay el-Sabi', da raga, da alƙali mai usur, kowa kuma da waya a hannu yana ɗauka. Ni nake dafa musu tuwo idan sun tashi, ina jin su suna gardama a kan hoton bidiyo, a mayar baya, a tsayar, a sake mayarwa. Wataƙila hakan ya fi, tunda ba a ƙara ɗora wa mutum lahirarsa a kan igiya. Wani lokaci kuma sai in ga kamar babu wanda zai ƙara sanin nauyin da Kawu ya ji a ranar.

Suna tambayata wane wasa na fi so cikin na da. Ina ce musu wanda ban gani ba. Har yau ban san ko ƙwallon nan ta shiga ba, kuma duk sanda Kawu ya kira muka gaisa, tambayar tana zuwa har bakina in mayar da ita. Mutumin da ya ba da shaida a kan kansa, ba a sake tambayarsa.